Faston ƙauye da Littafinsa: tambayoyi kan horar da masu kiwon ikkilisiya a Gombe

A ƙauyukan Kaltungo, Billiri da Balanga, sau da yawa mutumin da ke tsayawa gaban jama'a ran Lahadi manomi ne, firamare kawai ya gama ko bai ma ƙarasa ba. Shi ke addu'ar suna, shi ke jana'iza, shi ke sasanta miji da mata. Ga wasu tambayoyi da ake yawan yi game da horar da shi.

Ba kira ne ke sa mutum ya zama fasto ba? Me kuma ya kawo makaranta?

Masu wannan magana sukan kawo Ayyukan Manzanni 4:13, inda aka ga Bitrus da Yahaya mutane ne marasa ilimi. Gaskiya ne, amma ayar ta ƙara da cewa an gane sun zauna tare da Yesu, kuma wannan zaman ai karatu ne. Afolos ma, wani mai wa'azi a zamanin manzanni, da duk iya bakinsa, sai da Biriskila da Akila suka ja shi gefe suka gyara masa fahimta.

To me ake koya masa?

Karatu tukuna. Ya iya karanta sura guda a bayyane ba tare da inda-inda ba, ya san littattafai 66 ne, 39 a Tsohon Alkawari, 27 a Sabo, ya san wanne ne tarihi, wanne waƙa, wanne wasiƙa.

Sai babban darasi, wanda a ganina ya fi sauran duka: kada ya fizgo aya ɗaya ya gudu da ita. Ɗauki Filibiyawa 4:13, wadda ake rubutawa a bayan mota, inda Bulus ya ce zai iya yin komai ta wurin wanda yake ƙarfafa shi. Wani zai yi wa'azin awa guda a kanta cewa duk mai bi zai yi kuɗi. Malami sai ya ce masa, “Baba, koma aya ta 11 da ta 12.” Zai sa yatsa yana bin layi a hankali, Littafin nan da ya naɗe a leda saboda ruwan sama, sai ya ga Bulus daga kurkuku yake rubutu, yana cewa ya saba da yunwa, ya saba da ƙoshi. Daga wannan ranar, wa'azinsa ga matar da gonarta ba ta yi ba ya canza. Tambayoyi uku ake ɗora shi a kai: wa ya rubuta, wa aka rubuta wa, me ke gaba da bayan ayar?

Bayan haka sai aikin yau da kullum: baftisma, jibin Ubangiji, ziyarar marasa lafiya, da rubuta baiko, wato kuɗin da jama'a ke bayarwa a sujada, a littafi a gaban dattawa biyu. Wannan na ƙarshe ana raina shi, alhali rigimar kuɗi ta fi rigimar koyarwa raba ƙananan ikkilisiyoyi.

Da wane harshe?

Da Hausa. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma ita ce ke haɗa Batangale da Bawaja da Batere a sujada ɗaya. Tun bayan da 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo a 1917, makarantun Baibul na Hausa ne suka fitar da masu bishara da suka kafa ikkilisiyoyin da suka zama ɗariƙar ECWA a 1954. Wanda aka cusa wa tauhidi da Turancin da bai ƙware ba, haddacewa zai yi don jarrabawa, ya koma gida hannu wofi.

Dole ne ya bar gida ya tafi Jos ko Bukuru?

A'a. Manyan makarantun tauhidi irin su JETS da ke Jos da TCNN da ke Bukuru suna neman takardun sakandare, ga kuɗin makaranta. In ya tafi shekara uku, wa zai yi masa noma, wa zai riƙe ikkilisiya? Wannan matsalar ce ta haifar da tsarin koyar da tauhidi daga gida da ake kira TEE a ƙasar Gwatamala a 1963: maimakon ɗalibi ya je makaranta, makaranta ce ke zuwa wurinsa. Yana karanta darasi a gida, ya haɗu da 'yan uwansa da malami sau ɗaya a mako su tattauna, ran Lahadi ya gwada abin da ya koya. A nan ƙasarmu lokacin da ya fi dacewa da taron kwanaki shi ne rani, bayan an shigar da amfanin gona. Wanda ya sa taro a watan Yuli, benci zai koyar.

Wa zai biya?

Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: Littafi mai manyan baƙaƙe, littafin rubutu, fitila mai caji da rana, kuɗin mashin, da tabarau ga dattawa, don wani ba karatun ne ya gagare shi ba, ido ne. Ikkilisiyar ƙauye kan kawo masara da wake, zumuntar mata su dafa, ta cikin gari ta ɗauki nauyin malami. Kuma a riƙa gayyatar matar fasto ta zauna a ajin, tun da rabin matsalolin ikkilisiya a tsakar gidanta ake fara kawo su.