Yadda majalisar komin ke yanke shawara a arewacin Kamaru: tambayoyi da amsoshi

A kasuwa ko a tasha za ka ji ana cewa "meri ta ƙara kuɗin rumfa", ko "meri ta ƙi gyara mana famfo", sai ka ce meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, mutum ɗaya ce mai yin abin da ta ga dama. Alhali bayan kowane ƙarin kuɗi da kowace rijiyar burtsatse akwai zama da ƙuri'a da takarda mai lamba. Ga tambayoyin da jama'a suka fi yi a kan wannan.

Su wane ne majalisar, kuma ina bambancinta da magajin gari?

Kamaru tana da komin, wato ƙananan hukumomi, 360. Jihohin arewa uku suna da 89 daga ciki: 21 a Adamawa, 21 a jihar Arewa, 47 a Arewa Mai Nisa. Dokar da ke tafiyar da su ita ce mai lamba 2019/024 ta ranar 24 ga Disamba 2019.

Kowace komin tana da kansiloli da ake zaɓa na shekara 5, kuma yawansu yana bin yawan jama'a. Komin da ba ta kai mutum 50,000 ba tana da 25. Daga nan sai 31, sai 35, sai 41, har zuwa 61 ga wadda ta haura mutum 300,000. Ba mutum ɗaya-ɗaya ake zaɓa ba, jerin sunayen jam'iyya ne. Jerin da ya samu fiye da rabin ƙuri'u yana kwashe kujeru duka. In ba wanda ya kai, jerin da ya fi yawan ƙuri'u yana ɗaukar rabi, a raba sauran tsakanin waɗanda suka samu aƙalla kashi 5 cikin 100. Wannan ne ya sa a komin da yawa ba ka samun ɗan adawa ko ɗaya a zaure.

Kansiloli su ke zaɓen magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Majalisa ke yanke shawara, magajin gari ke aiwatarwa. Ba shi da hurumin ƙirƙiro haraji ko cin bashi da sunan komin sai da ƙudurin majalisa, wanda a meri ake kira delibarasiyon.

A Garwa, Marwa da Ngaundare akwai ƙarin hawa: kowane birni ya kasu komin uku, sannan a samansu akwai majalisar birni da magajin birni, wanda tun 2020 zaɓensa ake yi, ba naɗi ba kamar da. Manyan tituna da manyan kasuwanni da tasoshi na birni ne, ƙananan ayyukan unguwa na komin. Mutane da yawa kan kai kukansu ƙofar da ba ita ba, su yi ta jiran amsar da ba za ta zo ba.

Yaushe suke zama?

Sau ɗaya a kowane wata uku, kuma zama ba ya wuce kwana 7. Akwai zaman gaggawa, wanda magajin gari kan kira, ko kuma ya zama dole a kansa idan prefe, wato wakilin gwamnati a yankin, ko kashi biyu cikin uku na kansiloli suka nema. Takardar kira tilas ta isa hannun kansila kwana 15 kafin ranar, a kuma lika ta a meri. In lamarin na gaggawa ne, kwana 3.

Waɗannan kwanaki 15 ba ado ba ne. Lokaci ne da kansila zai karanta daftarin kasafi, ya tuntuɓi mutanen yankinsa. Inda aka saba miƙa wa kansiloli tarin takardu da safiyar ranar zama, ba muhawara za a yi ba, ɗaga hannu kawai za a yi. Takardun kuma da Faransanci suke, a wurin da kansila kan fi sakewa da Fulatanci ko Hausa, don haka yana buƙatar lokacin da wani zai zauna da shi a bi lambobin layi-layi.

Idan wasu ba su zo ba fa?

Sai kashi biyu cikin uku sun hallara zama ke halatta. A majalisa mai mutum 25, sai an ga 17 ke nan. In ba a cika ba, a sake kira bayan aƙalla kwana 3, a wannan karon rabi ya wadatar, wato 13. Wanda uzuri ya hana zai iya ba abokin aikinsa wakilci a rubuce, amma mutum ɗaya ba ya riƙe wakilci biyu. Kansilan da ya ƙi amsa kira sau uku a jere ba da dalili ba yana iya rasa kujerarsa.

A ina ake yin ainihin gardamar?

A kwamitoci, kafin babban zama. Yawancin komin suna da kwamitin kuɗi, da na manyan ayyuka, da na jin daɗin jama'a. A nan ake zama da sakatare janar na meri da ma'ajin komin, a buɗe fayil.

A ce magajin gari yana son ƙara kuɗin wuri a kasuwar mako, irin ta Pitowa da ke ci ranar Lahadi. Kwamitin kuɗi nagari zai tambaya: bara nawa aka yi hasashe, nawa ya shiga asusu? Damin tikiti nawa aka buga, nawa aka dawo da gindinsa? Masu karɓa nawa ne, wa ke lissafa su da yamma? Sau da yawa amsar kan nuna ba ƙarancin kuɗin tikiti ne matsalar ba, yoyo ne tsakanin hannun mai karɓa da akwatin ma'aji. In aka ƙara kuɗi ba a toshe wannan ba, mai sayar da albasa da mai tallar nono su za su biya, komin kuma ba za ta ga bambanci ba. Haka batun kara: in kuɗin kowace saniya ya yi tsada, dillalai sai su koma ciniki a bayan gari ko su kora dabbobin zuwa kasuwar komin maƙwabciya. Kwamiti yana kuma duba ko adadin da ake so yana cikin iyakar da dokar harajin ƙananan hukumomi ta shata, domin majalisa ba ta tsallake ta.

Kwamiti ba ya zartar da komai. Rahoto yake rubutawa, mai magana da yawunsa ya karanta a zaure. Amma a aikace, abin da ya tsallake kwamiti da wuya a kayar da shi a babban zama. Saboda haka duk mai ƙorafi, gara ya nemi ɗan kwamitin da abin ya shafa tun kafin ranar.

Yaya ake jefa ƙuri'a?

A fili, kuma rinjaye mai sauƙi ya isa. In aka yi kunnen doki, ɓangaren da shugaban zama yake shi ya ci. Ana komawa ƙuri'ar sirri idan kashi ɗaya cikin uku na mahalarta suka nema, ko in za a zaɓi mutum a wani muƙami. Kansilan da ke da moriya a cikin batun, misali filinsa ne za a saya, bai kamata ya sa baki ba, kuma shigarsa na iya jawo a soke ƙudurin.

Magajin gari ke shugabantar zama, sai a rana ɗaya: ranar da ake duba lissafin abin da ya kashe a shekarar da ta wuce. Ran nan majalisa kan zaɓi wani ya shugabanta. Magajin gari zai zauna ya amsa tambayoyi, amma lokacin ƙuri'a sai ya fita.

Me prefe yake yi a zauren?

Shi ne wakilin gwamnati mai sa ido. Yana da kujera, yana magana duk lokacin da ya nema, amma ba ya jefa ƙuri'a, ba ya shugabanta. Bayan zama, ana aika masa ƙudurori a karɓi shaidar isarsu. Ƙuduri na yau da kullum yana fara aiki bayan kwana 15, kuma a cikin kwanakin yana iya neman a sake dubawa. Wasu batutuwa kuwa sai ya sa hannu tukuna: kasafi, lissafin ƙarshen shekara, bashi, al'amuran filaye, da yarjejeniya da ƙasashen waje. Abin da ya ga ya saɓa doka yana iya kai shi kotun al'amuran mulki, kuma akwai irinta a Garwa da Marwa da Ngaundare. Ikonsa a kan halaccin abu ne. Zaɓi tsakanin gina aji da gina mahauta na majalisa ne.

Yaya ake haɗa kasafin kuɗi?

Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Wajen tsakiyar shekara ana yin zaman tattauna alƙiblar kasafin da ke tafe, inda ake fitar da abubuwan da za a fifita. Kasafin kansa ana zartar da shi kafin 15 ga Disamba ta wuce, lissafin shekarar da ta shige kuma kafin ƙarshen Maris.

Doka ta ɗaure hannun kowa da ma'auni uku. Ayyukan raya ƙasa kada su gaza kashi 40 cikin 100 na abin da za a kashe. Hidimar yau da kullum kada ta wuce kashi 60. Albashi kuma kada ya wuce kashi 35 na wannan hidimar. A ce kasafi sefa miliyan 500 ne: aƙalla miliyan 200 na ayyuka, hidima ba ta wuce miliyan 300, albashi ba ya wuce miliyan 105. Kuma dole shiga da fita su yi daidai.

Nan ne aka fi yin ɓarna. Don lissafi ya daidaita a takarda, sai a kumbura hasashen kuɗin shiga, a rubuta abin da kasuwa ba ta taɓa kawowa ba. Shekara na yin nisa sai asusu ya bushe. Albashi da man mota ba sa jira, saboda haka abin da ake yankewa shi ne rijiya da aji. Kansilan da ya san aikinsa yana ɗora hasashen bana kusa da ainihin abin da aka tara a shekaru biyu ko uku da suka wuce, ya tambayi dalilin tazarar.

Kuɗin yana zuwa daga kasuwanni da mahauta da kara da lasisin sana'a, sai rabon ƙarin harajin da ake tarawa a ƙasa baki ɗaya ana rarrabawa ta hannun FEICOM, asusun tallafa wa komin da aka kafa a 1974, sai kuɗin ayyuka daga ma'aikatun Yawunde. Dokar 2019 ta ce rabon ƙananan hukumomi da jihohi kada ya gaza kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. Komin ta karkara ta fi dogara da abin da ke zuwa daga sama, kuma jinkirinsa jinkirin komai ne.

Talaka zai iya shiga zauren? Yaya unguwa za ta sa a yi mata aiki?

Zaman a buɗe yake ga kowa, sai in an yanke a yi shi a asirce. Mai kallo yana saurare ne kawai, ba ya magana. Bayan zama ana lika taƙaitaccen sakamako a meri cikin kwana 8. Kowane mazaunin komin ko mai biyan haraji yana da haƙƙin neman kwafin rahoton zama da kasafi da lissafi, shi zai biya kuɗin bugawa. Kowa kuma yana iya miƙa wa magajin gari shawara a kan ci gaban gari.

Ga unguwar da ke son rijiyar burtsatse, hanyar ita ce: a yi taro da mai unguwa ko jauro ko lawan, a rubuta buƙata da adadin gidaje da nisan ruwa mafi kusa, a nuna filin da aka amince a haƙa da sa hannun mai shi. A kai meri, a tabbata an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a riƙe. A duba ko aikin yana cikin kundin tsarin raya komin, wanda PNDP, shirin gwamnati na raya ƙasa tare da jama'a, ya taimaka wa komin da dama suka rubuta, domin aikin da ba ya ciki yana wahalar samun kuɗi. Lokacin yin duk wannan shi ne kafin zaman tsakiyar shekara. Wanda ya zo a Disamba ya tarar an riga an raba. Yana kuma ƙara wa buƙata nauyi a nuna an kafa kwamitin kula da famfo mai tara kuɗin gyara, tun da famfunan da suka mutu saboda rashin ƙaramin kayan gyara sun cika ƙauyuka.

Rikicin manoma da makiyaya na majalisa ne?

A'a. Idan shanu suka shiga gonar masakwa ko aka nome burtali, akwai kwamiti na musamman a ƙarƙashin su-prefe, wato jami'in mulki da ke ƙasa da prefe, bisa dokar 1978, wanda ya haɗa da jami'an noma da na kiwo da sarakuna. Abin da majalisa ke iya yi shi ne ware kuɗin kafa alamun burtali, ko haƙa mashaya, ko gina kara. Lamido da lawan ba su da ƙuri'a a majalisa don sarautarsu, amma aikin da ya taɓa fili ba tare da an shawarce su ba, da wuya ya zauna lafiya.

An zartar da aiki, shekara ta ƙare ba a gani ba. Ina ya maƙale?

A bi sawunsa daki-daki. Da farko, an aika ƙudurin ga prefe, ya amince? Na biyu, aikin yana da layinsa da adadinsa a kasafi, ko alkawari ne kawai aka yi a zaure? Sannan an ba da kwangila a kan lokaci? Kwangilar da aka sa wa hannu a Yuni tana karo da damina, lokacin da mayo, wato rafuka, ke cika, motar haƙa ba ta iya shiga ƙauye sai wajen Nuwamba. Na ƙarshe shi ne biya. Magajin gari ke ba da umarni, amma ma'aji ne kaɗai ke taɓa kuɗi, kuma ba ya biya sai da takardar da ke nuna an karɓi aikin. Ɗan kwangilar da ba a biya kashin farko ba yakan kwashe kayansa ya tafi.

Duk waɗannan suna fitowa a lissafin Maris, inda kowane layi ke nuna abin da aka ware da abin da aka kashe. Aikin da ba a yi ba, kansilan yankin ya nemi a mayar da shi cikin kasafin da ke gudana, a kuma rubuta buƙatar tasa a rahoton zama.