Waiwaye: Yadda dokar rabon maki ke fitar da gwarzon wasanni a jami'o'in Amurka

Kowace shekara idan kakar wasanni ta ƙare a Amurka, akan bai wa jami'a ɗaya a rukunin manyan jami'o'i wani kofi na gilashi mai suna Directors' Cup, a matsayin wadda ta fi kowa a wasanni baki ɗaya. Ƙungiyar daraktocin wasannin jami'o'i, wato NACDA, ita ce ta ƙirƙiro shi tare da jaridar USA Today a kakar 1993 zuwa 1994, kuma Jami'ar North Carolina ce ta fara ɗaukarsa. Daga nan sai Jami'ar Stanford da ke jihar Kalifoniya ta kama shi ta ƙi saki, sau 25 a jere, har zuwa 2019.

Ba wai Stanford ta fi kowa iya ƙwallon kwando ko ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka ba ne, wasannin da ke cika filaye da kawo kuɗin talabijin. Sirrin yana cikin lissafi. Duk wanda ya zama zakaran ƙasa a kowane wasa, maki 100 yake samu. Wanda ya ci gasar ƙwallon kwando da ɗaruruwan jami'o'i ke nema, da wanda ya ci gasar ƙwallon cikin ruwa ta maza, wadda tun da aka fara ta ba a taɓa samun zakara daga wajen Kalifoniya ba, mudu ɗaya ake auna musu. Ga shi kuma na dogon lokaci wasanni 20 ake ƙirga wa kowace jami'a, goma na maza, goma na mata, kuma waɗanda ta fi samun maki a cikinsu ake ɗauka. Stanford tana da wasanni 36. Idan ta sha kashi a wani, sai a jefar da shi a ɗauko wani. Jami'ar da ke da 18 ko 20 kuwa ba ta da abin jefarwa, duk abin da ta girba shi za a rubuta mata.

Masu kare tsarin suna da hujjarsu, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Tun dokar Title IX ta 1972 aka wajabta wa makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya su daina nuna bambanci tsakanin maza da mata, har a fagen wasa. Kofin da ke daidaita gasar tuƙin kwale-kwale ta mata da gasar maza mai farin jini yana saka wa makarantar da ta kashe kuɗi inda babu 'yan kallo.

Waɗanda ba su gamsu ba sun samu madadi a 2010, lokacin da aka fito da Capital One Cup. Shi wannan ya raba maza da mata, ya kuma fifita wasannin da jama'a suka fi bi da maki mai yawa. Sai ga jami'o'in da ke can baya a wancan jadawali suna lekowa gaba a wannan, alhali sakamakon wasannin bai canza ba ko kaɗan.

Ita ma NACDA ta yi gyara daga kakar 2017 zuwa 2018. Aka rage wasannin zuwa 19, aka soke rabon goma da goma, aka kuma ce dole a ƙirga guda huɗu ko da jami'a ta tashi da sifili a cikinsu: ƙwallon kwando na maza da na mata, ƙwallon gora (wato baseball), da ƙwallon raga ta mata. A ganina gyaran ya rage wa masu tarin wasanni maɓoya, amma bai taɓa tushen matsalar ba, domin Stanford ta sake lashe kofin sau biyu bayansa.

Annobar korona ta hana bayar da shi a 2020. A watan Yulin shekarar Stanford ta ce za ta rufe wasanni 11 saboda matsin kuɗi, sannan ta janye maganar a Mayun 2021 bayan tsofaffin ɗalibai sun tada ƙura. A wannan kakar ce Jami'ar Texas, wadda wasanninta ba su wuce ashirin da 'yan kai ba, ta karya lagon Stanford, da kambun ninƙaya na maza, da tanis na mata, da tuƙin kwale-kwale na mata. Ta maimaita a 2022, Stanford ta ƙwace a 2023, Texas ta sake karɓa a 2024.