Waiwaye: yadda gas ɗin R22 ya fara ƙaranci, da abin da mai tsohuwar AC zai yi

Duk mai AC a Birnin Kebbi ko Argungu ko Jega ya san da an shiga Maris har zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, sai ka yi ta kiran mai gyara kwana da kwanaki kafin ya iso. In ya iso kuma maganar guda ce 'yan shekarun nan, "Alhaji gas ɗinka tsohon yayi ne, R22 ne, ya yi tsada." Wasu sun ɗauka wayo ne don a ƙara musu kuɗi, wasu su ce dala ce. Dala na ciki tabbas, balle tun 2023 da anka saki naira, amma tushen abin ya kai shekara hamsin.

Kafin 1930 firji da ammoniya yake aiki da wasu iskoki masu guba, in sunka yi yoyo cikin gida har rai ake rasawa. Sai wani Ba'amurke Thomas Midgley da abokan aikinsa sunka haɗa wani sabon gas a 1928, anka riƙa sayar da shi da sunan Freon, ba ya kama wuta, ba guba irin na da, duniya ta rungume shi hannu biyu. Daga wannan dangi R12 na firji da mota ya fito, R22 na AC ma ɗan gidan ne.

A 1974 ne masana biyu, Mario Molina da Sherwood Rowland, sunka nuna cewa gas ɗin in ya tsere ba ya ɓacewa, hawa yake can sama inda akwai shimfiɗar ozon da ke tare mana mugun hasken rana mai jawo sankarar fata da yanar ido, can rana ta farfasa shi, sinadarin kulorin ya fita ya yi ta cin ozon ɗin. Kamfanoni sunka yi ta gardama sai 1985 da masanan Ingila sunka gano shimfiɗar ta zaizaye ƙwarai a saman Antatika. Ranar 16 ga Satumba 1987 anka ƙulla yarjejeniyar Montreal a Kanada ta daina amfani da iskokin da ke cin ozon, Najeriya ta shiga a 1988, kuma yau babu ƙasar da ba ta ciki.

R12 anka fara kora, ƙasashe irin namu sunka gama da shi a 2010. Shi R22 ɓarnarsa ba ta kai ta R12 ba, shi ya sa anka ɗaga masa ƙafa, amma a 2007 anka matso da wa'adinsa kusa shi ma. Ga ƙasashe masu tasowa, a 2013 an hana adadin ya ƙaru, 2015 a rage kashi 10 cikin ɗari, 2020 kashi 35, 2025 kashi 67.5, zuwa 2030 kuma ɗan kashi 2.5 kawai za a bari saboda gyaran tsofaffin na'urori har 2040. To ka ga lissafin, kashi biyu cikin uku ya riga ya tafi, AC ɗin da ke buƙatarsa kuma suna nan birjik a gidaje da ofisoshi da masallatai. Me zai hana tsada?

Abin da ya fi ƙona mani rai shi ne, lokacin da masu kuɗi ke rabuwa da nasu, Turai ta hana ko zuba R22 a tsohuwar na'ura tun 2015, Amurka ta daina haɗa shi da shigo da shi tun 1 ga Janairun 2020, mu nan ne kwancen ke sauka. Alhali tsofaffin AC da firji da kwampireso, wato injin da ke tura gas ɗin yana zagayawa, suna cikin jerin kayan da kwastam ta haramta shigowa da su. Talaka ya tara kuɗinsa da ƙyar ya sayi 'yar Beljiyam yana murna ya samu mai ƙwari, bai san ya sayi abin da gas ɗinsa ke hanyar ƙarewa ba, ga shan wuta.

Wanda ya gaji R22 shi ne R410A, tukunyarsa ruwan hoda ce galibi, ta R22 kuwa kore-kore. Shi ba ruwansa da ozon, sai dai wajen dumama duniya kilo ɗaya nasa ya fi kilo 2,000 na iskar kabon, har ya ɗara R22 ɗin. Shi ya sa a Oktoban 2016 anka sake zama a Kigali ta Ruwanda anka sa shi a layi, Najeriya ta amince a 2018. Amma nasa a hankali ne, a rukunin ƙasashen da muke ciki ragin kashi 10 sai 2029, kashi 80 sai 2045, don haka mai R410A ya kwantar da hankalinsa. Sababbin da ke shigowa yanzu da yawa R32 ne, nasa dumamar kusan kashi ɗaya cikin uku ne na R410A.

To mai gida fa? Ka fara zagayawa bayan ɗaki ka duba takardar da ke manne a jikin injin waje, an rubuta irin gas da nauyinsa. In R22 ne kuma tana sanyi, ka bar abarka, babu wanda zai zo ya kama ka. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne AC ba ta shan gas kamar yadda mota ke shan fetur, zagayawa yake cikin rufaffen bututu, in ya ragu to yoyo ne. Mai ƙara maka gas duk bazara bai nemi inda yake fita ba, kuɗinka yake zubawa a iska. Ka sa shi ya kaɗa ruwan sabulu ya shafa a bakin notocin da bututun jan ƙarfe ya haɗu da inji, za ka ga kumfa na tasowa daidai wurin, a gyara, a zuƙe iskar ciki da injin bakum, sannan a cika. In za a cire AC a canza mata wuri a fara tara gas ɗin cikin injin waje, ba a kwance noto a bar shi ya yi fiii ya tafi ba.

Don Allah kada ka yarda a zuba maka R410A ko R32 cikin AC ɗin R22. Ƙarfin matsinsu ya fi nasa nesa, man kwampireson ma ba iri ɗaya ba ne, ƙonewa za ta yi. Akwai R407C da ake iya juyawa zuwa gare shi amma sai an canza man, aikin gwani ne. Masu ɗura gas mai kama wuta irin R290 a na'urar da ba don shi anka ƙera ta ba, ko ma gas ɗin girki saboda araha, wallahi wasa da rayukan iyali suke, a ɗakin da yara ke barci ƙofa a rufe. R32 ma yana ɗan kama wuta, ka nemi wanda ya san aikinsa ya haɗa maka, ka tambaye shi ko ɗan ƙungiyar masu aikin firji da AC ne, wato NARAP.

Ranar da kwampireso ya mutu, a ganina nan ne za a daina zuba kuɗi. In da hali a sayi sabuwa mai inbata ta R32, ta fi tsada a farko amma ba ta fizgar wuta wajen tashi, janareto da sola sun fi iya ɗaukarta, kuma a mita za ka ga bambanci. In babu hali a jira a tara, ya fi a koma ga kwance.

Kuma sau da yawa abin da ake ce wa gas ya ƙare ƙurar hunturu ce kawai ta toshe ragar ciki da haƙarƙarin injin waje. A Fabrairu, kafin masu gyara su yi wuyar samu, ka zare ragar ka wanke ta da ruwa, ka kashe wuta a wanke injin wajen shi ma, ka kunna ka ji sanyin tukuna kafin ka bari kowa ya ɗora tukunyar gas.