Idan yaro ya gano Mama da Baba ba sa magana

A Katsina ba sai ka yi nisa ba za ka ga gidan da aure ya mutu ya bar 'ya'ya. Uwa tana Ƙofar Marusa wurin iyayenta, uba yana Sabuwar Unguwa da amarya, yaro yana kai-komo a tsakani. Ga abin da iyaye irin waɗannan suka fi tambaya.

Ɗana yana gaya mini magana ɗaya, ya gaya wa babansa wata. Ya lalace ke nan?

Bai lalace ba, ƙofa ya gani a buɗe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na gani a gidanmu: ɗan ƙanwata, mai shekara 11, yakan karɓi kuɗin littafi wurinta ranar Alhamis, ranar Asabar ya je wurin uban ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Mama ta ce ba ta da shi." Uban ya bayar yana faɗa, ita kuma ba ta san ana zaginta ba. An daɗe a haka, sai ranar da yayanmu ya haɗu da uban bayan sallar Juma'a suka gaisa, magana ta kawo magana.

Kuɗi ne kawai ke sa shi?

A'a, kuma nan ne abin ya fi ba ni tausayi. Yaro yana karanta fuska. Ya lura idan ya ce matar Baba ta hana shi abinci, Mama takan jawo shi jikinta ta ƙara masa nama. Ya lura idan ya kushe gidan Mama, Baba yakan saki fuska. Sai ya riƙa kai wa kowa abin da kunnensa ke so, don yana tsoron wanda bai faranta wa ba zai daina son shi. Uwar da ke tare yaro tun daga zaure da "Me suka ce a kaina?" ita ta ba shi wannan aikin, haka uban da ke cewa "Je ka faɗa wa uwarka." Ɗan aike yakan ƙara gishiri, balle wanda zuciyarsa ta rabu biyu.

To kada in yarda da shi idan ya kawo ƙara?

Saurare shi, amma ki bincika kafin ki ɗaga murya. Akwai 'ya'yan da ke shan wuya da gaske a hannun matar uba, akwai agolan da mijin uwa ke wulaƙantawa. Idan kin ga tabon duka, ko rama, ko yaro yana kuka duk ranar komawa, wannan maganar manya ce, a kira su a zauna a ranar.

Ta yaya zan yi magana da tsohon mijina alhali na yi wani aure?

Bayan idda ya zama bare a gare ki, kuma mijinki yana da haƙƙi, don haka kada a yi a ɓoye. Mafi sauƙi a zaɓi mutum ɗaya da kowa ke ganin girmansa, kawun yaron ko gwaggonsa, duk saƙo ya bi ta hannunsa. Wasu sukan yi da rubutaccen saƙo a waya da sanin mazajensu, gajere, kan yaro kawai: kuɗin makaranta nawa ne, wa zai ɗinka kayan sallah, ranar da zai zo da ranar da zai koma, maganin da yake sha. Kuɗin makaranta da na Islamiyya uba ya biya kai-tsaye ya aiko da rasit. A Suratul Ɗalaƙ, aya ta 6, an umarci waɗanda suka rabu su yi shawara a tsakaninsu da alheri kan shayar da ɗansu. Aya ta 233 a Baƙara kuma ta hana a cutar da uwa ko uba ta hanyar ɗansu.

Ya ce zai ƙwace shi tunda ɗansa ne. Haka ne?

Al'ada ce ta saba da hakan. A mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, reno na uwa ne har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta auri wanda ba muharramin yaron ba, reno yakan koma wurin mahaifiyarta. Ci da sutura suna wuyan uba ko ina yaron yake. Yaron da ke jin "zan ƙwace ka" shi ma yakan koyi cewa "zan koma gidan Baba" duk lokacin da aka hana shi wani abu.

Idan muka kama yaron da ƙarya fa?

Ban da duka, ban da tona shi gaban 'yan uwansa. Ƙanwata ta zaunar da nata ta ce, "Na yi magana da kawunka, shi kuma ya yi da Babanka, duk mun sani." Ya yi shiru yana wasa da bakin tabarma. Can ya ɗago ya tambaye ta ko Baba ya ce kada ya sake zuwa. Ta ce masa ranar Asabar Baban da kansa zai zo ɗaukar shi.