Kiɗan Punk Ba Hargowar Samarin Turawa Kaɗai Ba Ne

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗaukar kiɗan punk, wani salon kiɗan jita mai sauri da ƙara, a matsayin hargowar samarin Turawa marasa alƙibla, wadda babu ruwanta da baƙar fata balle siyasa. Tarihin wannan kiɗa a Ingila ya ƙaryata wannan zato.

A farkon 1977, a gidan rawa na Roxy da ke Landan, Don Letts, wanda iyayensa 'yan Jamaika ne, yakan sanya fayafayan rege kafin mawaƙa su hau dandamali, domin a lokacin fayafayan punk ba su da yawa. Kunnuwan samarin suka saba da nauyin wannan kiɗa, har ƙungiyar mawaƙan punk ta The Clash ta sake rera waƙar Junior Murvin, mawaƙin rege ɗan Jamaika, mai suna "Police and Thieves" a kundinta na farko a wannan shekarar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wasu suka jingina waƙar The Clash mai suna "White Riot" da wariyar launin fata, alhali kuwa an tsara ta ne bayan tarzomar da ta ɓarke tsakanin matasa baƙar fata da 'yan sanda a bikin unguwar Notting Hill da ke Landan a 1976, tana kira ga talakawan Turawa da su yi koyi da baƙar fata wajen tsayawa tsayin daka a gaban zalunci. A watan Afrilun 1978 kuma, The Clash da Steel Pulse, mawaƙan rege na Birmingham, sun hau dandamali ɗaya a filin Victoria Park a gaban dubban jama'a, domin nuna adawa da jam'iyyar National Front mai ƙyamar baƙi.