Auna shaye-shaye daga bakin mai taɓin hankali

Wannan hanya ce da ma'aikatan lafiya ke bi su gano ko mai ciwon ƙwaƙwalwa yana shan giya, wiwi, tramol ko sholisho, da kuma yawan da yake sha, ta hanyar tambayarsa shi da kansa ba sai an ɗebi jini ko fitsari ba. Ana damuwa da abin ne saboda shaye-shaye na rikita magani, tramol kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, giya in ta haɗu da diazepam, maganin kwantar da hankali, tana danne numfashi, wiwi kuma kan tayar da ciwon bayan ya lafa.

Takardun tambayoyin suna da yawa. Wadda tafi shahara itace AUDIT ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta fito a 1989, tambaya 10 ce duk akan giya, maki daga 0 zuwa 40, wanda ya kai 8 ana ɗaukar shansa ya fara zama haɗari. Akwai CAGE mai tambaya 4 kacal akan giya, da DAST da Harvey Skinner ya fitar a 1982 domin ƙwayoyi, sai ASSIST wadda ta haɗa taba, giya, wiwi, abin shaƙa da sauransu tana bin watanni 3 da suka wuce. A Amurka an ƙirƙiri DALI a 1998 musamman don masu tsananin ciwon ƙwaƙwalwa, domin su ko ɗan kaɗan suka sha yana iya birkita su, tsofaffin ma'aunan kuwa an yi su ne da tunanin mashayi mai sha da yawa.

Toh a nan arewacin Kamaru da Cadi matsalar ta ma'auni ce tukuna. AUDIT tana ƙirga "kofi" ɗaya a matsayin giram 10 na tsantsar barasa, amma wanda ya zauna gidan bilbil, wato giyar dawa, a Marwa ko Garwa da ƙwarya yake sha, ƙwaryar wannan ba ta wancan bace, ƙarfin bilbil ɗin ma ya danganta da mai dafawa da kwanan da ya yi, balle arki, wata giyar gida mai ƙarfi, ko giyar leda. Ga takardar da Faransanci, sai ma'aikaci ya juya ta Hausa, Fulatanci ko Larabcin Cadi nan take, kowa da irin juyinsa. Ɗan acaɓa mai shan tramol kuwa in kace masa kana shan ƙwaya zai ce a'a da gaskiyarsa, shi a wurinsa maganin gajiya ne.

Sai kunya, wadda ni a ganina tafi komai ɓata amsa. Majinyaci ba ya zuwa asibiti shi kaɗai, babansa ko yayansa na zaune a gefe, yaro Musulmi ba zai ce yana shan giya a gabansu ba. Shi yasa ake fitar da 'yan rakiya tukuna, a tambaya ba da faɗa ba. Ga mai mantuwa akwai dabarar kalanda ta Linda da Mark Sobell, ana komawa baya rana-rana ana jingina da abin da ba a mantawa, ranar kasuwa, Juma'a, Sallah, biki.

Gwajin fitsari na taimakawa amma shima ba alƙali bane. Giya na barin jiki cikin sa'o'i, wiwi kan daɗe makonni a jikin mai sha kullum, tramol kuma sau da yawa baya fitowa a gwajin da aka saba sai an nemi nasa na musamman.