Mutuwar 'Yan Tsakin da Ake Aikawa ta Gidan Waya

A Amurka, mai son kiwon kaji ba sai ya taka zuwa kamfanin ƙyanƙyasa ba. Yakan zaɓi irin da yake so a intanet ko a littafin talla, ya biya, a zuba 'yan tsaki 'yan kwana ɗaya cikin kwali mai huji-huji a aiko masa ta gidan waya. Mafi yawansu kan iso da rai. Duk da haka akan buɗe kwali a tarar ɗaya ko biyu sun mutu. Abin da ya fi ɗaure wa sabon mai kiwo kai kuwa shi ne su iso garau suna kai da kawowa, sai tsakanin kwana na uku da na biyar su fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan mutuwa galibi tushenta yana kan hanya ne, ko cikin awoyin farko bayan sauka, ko da yake sai daga baya take bayyana.

Asalin sana'ar

Tun a 1892 wani mai ƙyanƙyasa a jihar New Jersey, Joseph Wilson, ya fara aika 'yan tsaki ta jirgin ƙasa. A 1918 hukumar gidan waya ta Amurka ta amince ta riƙa ɗaukarsu. Sharaɗinta shi ne kada ɗan tsako ya wuce awa 24 da ƙyanƙyashewa lokacin da aka kawo shi, kuma ya isa hannun mai shi cikin awa 72 daga fitowarsa daga ƙwai. Ba a sa musu ruwa ko abinci irin na yau da kullum a cikin kwalin.

Gwaiduwa da lissafin awa 72

Abin da ya sa wannan tafiya ta yiwu yana cikin halittar ɗan tsakon ne. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya fashe. Ana saura kwana ɗaya ko biyu, ɗan tsakon kan janye ragowar gwaiduwa zuwa cikin cikinsa ta cibiya, cibiyar ta rufe. Wannan gwaiduwa ita ce guzurinsa: tana ba shi mai da ruwa da kariyar cuta da ya gada daga uwa, har kusan kwana uku.

Sai dai lissafin bai cika fitowa daidai ba. Ƙwai da aka sa a injin ƙyanƙyasa rana ɗaya ba sa fashewa lokaci ɗaya. Tsakanin na farko da na ƙarshe akan sami awa 24 zuwa 36, kuma ba a kwashe su sai yawancinsu sun fito sun bushe. Wanda ya riga fitowa ya riga ya ci wani abu daga guzurinsa yana zaune cikin zafin inji, tun kafin a tantance mace da namiji, a yi rigakafi, a rufe kwali. A takarda duk 'yan kwana ɗaya ne, amma a jiki wani ya girmi wani da yini guda cur. Idan mota ta makara ko jirgi ya tashi ya bar kaya, waɗannan ne kan fara galabaita. Ƙishirwa ce ke fara kama su kafin yunwa: ƙafafu su bushe su yi duhu, jiki ya yi sakayau, ido ya lumshe. Ɗan tsakon da ya kai wannan hali yakan rasa ƙarfin neman ruwa ko da an ajiye masa a gaba, ya ci gaba da rayuwa kan ɗan abin da ya rage a cikinsa, ranar da ya ƙare ya mutu. Shi ya sa mace-macen suka fi taruwa a kwana na uku zuwa na biyar.

An ga yadda jinkiri ke ɓarna a watan Agustan 2020, lokacin da aka ba da rahoton cewa aƙalla 'yan tsaki 4,800 da aka aika wa manoman jihar Maine sun iso a mace, har 'yar majalisa Chellie Pingree ta kai ƙorafi ga shugaban hukumar gidan waya, Louis DeJoy.

Sanyi da zafi

Ɗan tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa shi kaɗai sai ya yi kusan mako biyu. A cikin kwali, junansu ne murhunsu. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni da yawa ba sa sayar da ƙasa da 15 ko 25 a lokacin sanyi, wasu kuma su cike gurbi da 'yan zakaru kyauta, ko su sa ƙunshin da ke fitar da ɗumi a ƙasan kwalin. Idan sanyi ya kama su sai su cunkushe a lungu ɗaya, na ƙasa su shaƙe. Zafi ma yana kisa, har ya fi sauri: kwalin da aka ajiye a rana, ko aka danne hujinsa da wasu kaya, kan zama tanda.

Wahalar sanyi ko zafi tana barin wata alama da ake gani bayan isowa, wato kashi ya manne a dubura ya bushe ya toshe ta. Ƙaramin abu ne a ido, amma idan ba a jiƙa shi da ruwan ɗumi an cire a hankali ba, ɗan tsakon ba zai iya kashi ba, kuma zai mutu.

Cututtukan da suke zuwa da su

Wasu 'yan tsakin tun daga inji suka ɗauko ajalinsu. Idan cibiya ba ta rufe sosai ba, ko ƙwai da injin ba su da tsabta, ƙwayoyin cuta irin su E. coli kan shiga gwaiduwar ta ruɓe a ciki. Cikin yakan kumbura ya yi laushi, cibiya ta yi ja ko baƙi, gawar ta yi wari. Akwai kuma farin zawo na pullorum, wanda wani nau'in ƙwayar cuta ta Salmonella ke jawowa, yana bi ta ƙwai daga uwa zuwa ɗa. Ɓarnar da ya yi wa masu kiwo a Amurka ce ta sa aka kafa shirin ƙasa na inganta kiwon kaji a 1935, ana gwada jinin iyayen kaji ana fitar da masu ɗauke da cutar. Funfuna nau'in Aspergillus, daga inji mara tsabta ko jiƙaƙƙiyar shimfiɗa, tana shiga huhu, a ga ɗan tsako yana miƙa wuya yana buɗe baki yana neman iska.

Masu kiwo kan yi saurin ɗora laifi kan Gumboro ko zawon jini na koksidiya, su hau ɗura magani. A makon farko wannan zato da wuya ya zama gaskiya, domin waɗannan cututtuka sun fi bayyana daga mako na uku zuwa sama.

Bayan an buɗe kwali

Ragowar asarar a hannun mai kiwo take. Ana so a ɗumama ɗakin reno tun kafin su iso, zafin wurin kwanciyarsu ya kai digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas a makon farko, a riƙa rage kusan digiri 3 kowane mako. Ruwa ake fara ba su, mai ɗan ɗumi, a tsoma bakin kowane ɗaya a ciki don ya gane shi, sannan abinci. Mazubin ruwa mai zurfi kan nutsar da wanda ya gaji, jiƙaƙƙen ɗan tsako kuwa sanyi ke ƙarasa shi. Shimfiɗa mai santsi kamar takardar jarida tana sa ƙafafu su wage, wanda ya wage kuma ba ya kaiwa ga abinci. Ƙwararru kan taɓa jakar abinci da ke ƙasan wuya bayan awa 24: idan kusan duka ta cika ta yi laushi, sun ci sun sha. A manyan gonaki, asarar da ta haura kashi 1 cikin 100 a makon farko alama ce ta a bincika.

A Nijeriya ba gidan waya ke wannan aiki ba, amma tafiyar iri ɗaya ce. Yawancin 'yan tsakin da ake sayarwa a Kano da Kaduna daga kamfanonin ƙyanƙyasa na yankin Ibadan suke fitowa, hamsin-hamsin a katan, su kwana a mota. A hunturu sanyin asuba ke kama su, a bazara kuma zafin mota idan ta tsaya a go-sulo. Ga wani haɗari da ya fi yawa a nan: murhun gawayi a ɗakin da aka toshe ko'ina da leda. Iskar guba da gawayi ke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana iya kashe katan guda a dare ɗaya, ɗakin yana da ɗumi daidai yadda ake so.